Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sufeto Janar na 'Yan Sanda: idan mutum ya mutu a hannun yaranka, kotu muke so ba transfa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni talaka ne ɗan ƙasa, kayan gyaran mota nake sayarwa a nan Abuja, kuma na daɗe ina son rubuta maka wannan wasiƙa, in fara in goge, in fara in goge, saboda duk sanda na zo daidai wajen da zan faɗi abinda idona ya gani sai hannuna ya ƙi tafiya. Yau dai nace ko ana ha maza ha mata sai na ƙarasa, kuma a fili zan ajiye ta inda kowa zai karanta, tunda takardun koke guda biyu da muka rubuta muka kai da ƙafarmu har yau ko "mun gani" ba a ce mana ba.

Maganar ƙanena ce. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne amma a ɗakinmu ya tashi, tabarma ɗaya kwano ɗaya, ni na ɗauko shi daga gida na kawo shi Abuja, ni na tsaya masa aka bashi keke napep yana kai balas duk yamma, abinda ya saura ya tura wa tsohuwa ya ajiye na aure. Wani dare bayan isha'i yana zaune a teburin mai shayi a unguwarsu, motar sintiri ta tsaya aka hau kame, irin kamen nan da duk mazaunin bayan garin Abuja ya sani, wanda ya gudu ya sha, wanda ya tsaya shi ne mai laifi. Shi bai gudu ba don kekensa na ajiye a wajen, kuma a tunaninsa wanda bai yi komai ba me zai sa shi gudu. Da suka riƙe masa wando sai yace oga me nayi. Shikenan abinda ya faɗa. Suka buga masa ankwa ta baya, suka wurga shi bayan mota rub da ciki, suka jibgo wasu yaran a kansa, ɗan sanda ɗaya ya zauna a gefen mota ya ɗora takalminsa a gadon bayansa.

Yaron nan yana da asma tun yana ƙarami, abin shaƙarsa ba ya rabuwa da aljihunsa. Yara uku da aka kama tare da shi, kowanne na zauna da shi daban, kuma maganarsu ɗaya ce: tun daga wajen mai shayi yake cewa oga numfashina, dan Allah numfashina, maganina na aljihu, ana ce masa ya rufe baki ƙarya yake, wanda ba ya numfashi ai ba ya magana. Ɗaya daga cikin yaran yace shi yana jin ƙirjinsa na bugawa a ƙarƙashinsa, yana ƙoƙarin ɗaga jikinsa don ya rage masa nauyi ana dukansa da gindin bindiga wai ya kwanta. Kafin su kai caji ofis ya yi shiru. Da aka sauke su shi jansa aka yi.

Kwana biyu muna yawo ofis ofis. Duk kantar da muka je sai a buɗe littafi a duba a ce ba mu da mai wannan suna, ku gwada gaba. A ofishin da aka kai su ma haka aka ce mana, alhali iyayen sauran yaran sun riga sun biya kuɗi sun karɓi nasu a wannan kantar, duk da rubutun nan da ke manne a bango cewa beli kyauta ne. Rana ta uku wani ɗan sanda, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, ya biyo ni waje kamar zai sayi ruwa, bai ko kalle ni ba yace malam ka daina wahalar da kanka, je ka duba mutuware.

Ni na yi masa wanka, ranka ya daɗe, ni da limaminmu da wani dattijo. Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wuyan hannunsa duka biyu ankwa ta ci ta shiga cikin nama, goshinsa da gefen kumatunsa sun goge kamar an ja shi a kan ƙarfe, leɓensa ya fashe ta ciki, a bayansa tsakanin kafaɗu akwai wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Da muka juya shi liman ya tsaya da buta a hannu ya kasa ci gaba, sai da dattijon nan yace malam a daure. Kayansa da aka bamu a leda, abin shaƙar yana nan cikin aljihun wando inda yace yake. Na girgiza shi, da magani a ciki. Yana nan a durowar shagona har gobe.

Abinda aka gaya mana a ofis shi ne wai yanke jiki yayi ya faɗi, suka garzaya da shi asibiti rai yayi halinsa. Shugaban ofishin ya karɓe mu da mutunci, ya bamu kujera, yayi mana ta'aziyya, yace ku musulmi ne kun fi ni sanin cewa kwana in ya ƙare ba makawa, sannan ya turo ambulan ɗin kuɗi da buhun shinkafa wai na sadakar uku, ya kuma turo takarda yace sai mun sa hannu cewa iyali basa buƙatar likita ya binciki gawa kafin a sake mana ita, in kuma muna son bincike to mu shirya kuɗinsa kuma gawa za ta iya yin makonni a firij. Uwarsa na gida tana kira duk minti biyar tana kuka tana cewa ku rufa min ɗana, kwana uku yana kwance ba sutura. Ni na sa hannu. Da hannuna na dama na sa, kuma babu daren da bana tuna wannan biro. Ambulan ɗin dai ban taɓa ba, a kan teburinsa na barshi.

Bayan wata biyu muka ji labarin an yi wa waɗanda suka fita sintirin daren transfa. Iyakar abinda ya faru kenan.

To wannan transfa ɗin ita ce dalilin wasiƙata. Ranka ya daɗe, da ni ne na ɗaure mutum na danne shi har ya mutu a bayan shagona, ba wanda zai ce a canza min layi a kasuwa. Kama ni za'a yi, a rubuta sitatimen, a tura fayil ma'aikatar shari'a, in tsaya gaban alƙalin babbar kotu a kan tuhumar kisan kai. Dokar hukunta laifuka ta final kod da ake aiki da ita a nan Abuja, sashe na 221 yace kisa da gangan hukuncinsa kisa, sashe na 224 yace wanda bai kai wannan matakin ba ana iya ɗaurin rai da rai, kuma lauyan da ya taimaka mana fisabilillahi ya buɗe min littafin ya nuna min, babu inda aka rubuta banda mai kaki. Transfa, rage girma, dakatarwa, har korar ma da ake yi bayan shari'ar cikin gida ta odali rum, duk wannan tsakanin ma'aikaci ne da wanda ya ɗauke shi aiki. Rai kuwa ba na hukumar 'yan sanda bane balle ta yafe shi a cikin gida. Abin ciwo shi ne sau da yawa sai kaga sanarwa a jarida an kori kofur wane an kori sufeto wane, har a nuna hoton ana tuɓe masa kaki, mutane su yi ta tafi a Facebook, daga nan ɗif, ba mai sake jin ko an kai shi kotu, ko wace kotu, ko wane alƙali, ko yaushe za'a zauna.

Nasan abinda za'a ce, doka ta ba ɗan sanda damar amfani da ƙarfi. Haka ne, na yarda. Kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 33 da ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya yi togiya, yace in mutum ya mutu wajen kare rai ko dukiya, ko wajen kamu na halal, ko hana wanda ke tsare tserewa, ko kwantar da tarzoma, ba a ce an tauye masa haƙƙi ba, amma fa da sharaɗi a cikin wannan sashen, sai in ƙarfin da aka yi amfani da shi daidai yake da buƙata kuma yadda doka ta yarda. Wannan sharaɗin shi ake tsallakewa. Ɗan fashi ya buɗe wuta an mayar masa ya mutu, ba mai hankalin da zai ce a kama ɗan sanda. Amma mutumin da hannunsa ke ɗaure ta baya, yana kwance a kan cikinsa, bashi da ko allura, wane ƙarfi ne kuma ya rage da ake buƙata a kansa? Kuma wa zai tantance ko ƙarfin ya wuce kima ko bai wuce ba, wanda yayi aikin ne ko abokin aikinsa da suke cin abinci kwano ɗaya? Ai aikin alƙali kenan. Ku da kanku a 2019 kuka gyara odar nan taku mai lamba 237 a kan harbi, kuka ce ba a ɗaga bindiga a harbi mutum sai in akwai barazanar mutuwa ko mummunan rauni nan take. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 tace ko ankwa ba a sa wa mutum haka kawai sai in ana tsoron zai yi faɗa ko zai gudu, tace a gaya masa dalilin kama shi, tace hukuma ce za ta sanar da danginsa ba tare da sun biya ko sisi ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake maimaita kusan duk wannan. Mu kwana biyu muna neman yaro ana ce mana ba a san shi ba.

Sai dokar hana azabtarwa ta 2017, wadda wallahi da na ji abinda ke cikinta sai da nayi hawaye, don kamar da ƙanena aka rubuta ta. Tace wanda ya azabtar da mutum zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25, in kuwa mutumin ya mutu to kisan kai ne a tuhume shi da kisan kai. Tace ba wanda ya sa hannu kaɗai ba, wanda yake tsaye a wajen ana yi shima mai laifi ne. Tace "oga ne ya sa ni" ba hujja bace. Tace shugaban da ke kan yaran kai tsaye, in sakacinsa ne ya jawo, shima yana da nasa kason. To ranka ya daɗe dokar nan ta shekara nawa yanzu, ka tambayi ofishinka na shari'a su kawo maka sunayen jami'an da aka gurfanar da ita, ka fito da lissafin fili mu gani.

Wani likita da ke sayen kaya a wajena shi ya fahimtar da ni yadda abin yake faruwa a jiki. Yace mutum in yana kwance rub da ciki, hannu a baya, ga nauyi a gadon baya, ƙirji da ciki basa samun wajen buɗewa, iskar da ke shiga bata kai wadda jiki ke nema ba, balle wanda ya sha kokawa ko mai asma ko mai ƙiba. Yace mutum na iya fitar da 'yar murya yana magana alhali yana kan mutuwa, saboda fitar da magana iska kaɗan take ci, don haka zancen "tunda kana magana kana numfashi" shi ne zancen da ya kashe mutane da yawa. Abinda ya kashe George Floyd kenan a Amurka a watan Mayu na 2020, gwiwa a wuya sama da minti tara yana cewa baya iya numfashi. Wanda ya danne shi, Derek Chauvin, cikin shekara ɗaya kotu ta same shi da laifin kisa aka bashi shekara 22 da rabi, kuma sauran ukun da ke wajen suma sai da aka ɗaure su, har da wanda aikinsa kawai tare mutane ne kada su matso. Ba wai 'yan sandan can waliyyai bane, su ma da farko sanarwar da suka fitar cewa tayi rashin lafiya ce ta kama shi. Bidiyon wata yarinya da binciken likita ne suka ƙaryata su. Mu a bayan motar nan ba mai waya a hannu, binciken likita kuma an sa na sa hannu na yafe.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Mu 'yan kayan mota a garin nan babu wanda bai san labarin 'yan Apo shida ba, tsofaffin kasuwa har yau suna bada shi kamar jiya akayi. Watan Yuni na 2005, samari biyar 'yan kasuwa da budurwa ɗaya suna dawowa daga shaƙatawa da dare, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a titin Gimbiya da ke Garki, gari ya waye aka ce 'yan fashi ne, aka jera makamai kusa da gawarwakin aka ɗauki hoto, aka binne su. Da 'yan uwansu 'yan kasuwa sun yi shiru da shikenan, har abada sunansu 'yan fashi. Basu yi shiru ba, suka tada ƙura har gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Olasumbo Goodluck, aka tono gawarwakin likitoci suka duba, 'yan sanda da bakinsu suka faɗi yadda akayi. Amma ka duba fa, sai watan Maris na 2017, kusan shekara 12, sannan mai shari'a Ishaq Bello na babbar kotun Abuja ya yanke hukunci, ƙananan jami'ai biyu aka yanke wa kisa, uku kotu ta sallame su har da mafi girman muƙami a cikinsu, shi kuwa DPO na Garki na lokacin tun farko ya tsere daga inda ake tsare da shi ba a gurfanar da shi ba. Ni bazan ja da hukuncin alƙali ba, da shaidar da aka kawo masa yake aiki. Tambayata ita ce wa ke tara shaidar, wa ke ajiye bindiga da kwanson harsashi da littafin kanta, wa ya bar wanda ake tuhuma ya fita ta ƙofa? Shekara 12 shaidu na mutuwa, wasu na gajiya, iyaye na tafiya lahira basu ji ƙarshen zance ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kullum kurtu da kofur ake miƙawa.

Kuma mun ga in an so ana iyawa. Ranar kirsimeti ta 2022 wani jami'i mai suna Drambi Vandi ya harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah ta jihar Legas, tana da juna biyu, a gaban mijinta. Kafin shekara ta zagayo, a watan Oktoba na 2023, kotu ta gama shari'a ta yanke masa hukuncin kisa, kuma abokan aikinsa na cikin waɗanda suka bada shaida. Na ji daɗin wannan har raina, Allah ya ba iyalanta haƙuri. Amma ita lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta tsaya mata tsayin daka, jaridu suka ɗauka. Ɗan keke fa? Mai kayan miya, ɗan ga-ruwa, mai wankin takalmi, ɗan acaɓan da ya zo cirani daga ƙauye baya jin turanci, wanda in ya ɓace sai an kwana biyu kafin ma a san ya ɓace? Doka ɗaya ce ta rufe su duka. Bai kamata ace sai gawa tana da ƙungiya ko tana da masu zagi a intanet sannan za'a buɗe fayil ba.

Akwai masu ce min ai yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun 'yan sanda ɓarayi ne. Ƙanena ba ɓarawo bane, amma ko ɓarawon ne, wa ya ba saje ikon zama alƙali kuma hauni a bayan mota? A 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa, cikin sa'o'i ya zama gawa. Duk abinda mutumin nan ya aikata, da an tsayar da shi gaban kotu da ƙasa ta ji abubuwa da yawa daga bakinsa, kuma duk ɗan arewa ya san irin wutar da ta biyo baya.

Bayan zanga-zangar EndSARS a Oktoba na 2020 aka rusa SARS, aka kafa kwamitoci a jihohi, a nan Abuja hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta kafa nata ƙarƙashin mai shari'a Suleiman Galadima, mutane suka zo suka yi kuka a bainar jama'a, aka ba wasu diyya. Diyya haƙƙi ce bana raina ta, marayu na buƙatar abinci. Amma daga ina kuɗin ke fitowa? Daga baitulmali, wato daga harajin da ni da uwar mamacin muke biya, wanda yayi kisan ko kwabonsa bai yi ciwo ba. Kuma ko kotu ce ta baka diyya, lauya yace min kafin ka taɓa asusun hukuma sai Antoni Janar ya amince, mutane na riƙe da takardar hukunci shekara da shekaru kamar takardar tsire. Muddin ɗan sanda ya san iyakar abinda zai same shi shi ne a kai shi wata jiha, gwamnati ta biya in ta ga dama, to takalmin nan ba zai sauka daga bayan yaran mutane ba.

Ina da maƙwabci ɗan sanda, 'ya'yanmu makarantar allo ɗaya suke zuwa. Nasan albashinsa, nasan da kuɗinsa yake ɗinka kaki, na ga ɗakin da ake ba su a bariki, na je jana'izar abokin aikinsa da 'yan bindiga suka kashe a bakin aiki, kuma na ga matar tana yawon neman haƙƙin mijinta. Ba gaba nake da kaki ba. Wanda ya raɗa min in je mutuware ai ɗan sanda ne, kuma na ga tsoro a idonsa, tsoron abokan aikinsa yake ji ba tsoron ɓarayi ba. Irinsa suna da yawa a cikinku, kuma rufa-rufar nan su take fara cuta, don ita ke sa duk wanda ya ga kaki ya tsuke fuska, ita ke sa mutum ya ga mai laifi ya ƙi kai rahoto.

Abinda nake roƙonka yana cikin ikonka, ba sai majalisa ta zauna ba. Ka bada oda a rubuce cewa duk wanda ya mutu wajen kamu ko a mota ko a sel, fayil ɗin ya bar hannun wannan ofishin a ranar, kada DPO ɗin da abin ya faru a ƙarƙashinsa ya zama shi ne mai bincike shi ne mai ta'aziyya shi ne mai sakin gawa. A karɓe bindigogi da littafin kanta da littafin fita sintiri nan take a rufe su, a sanar da majistare don yayi binciken musabbabin mutuwa kamar yadda doka ta tanada ga duk wanda ya mutu a tsare, ai dama dokar 2015 sashe na 34 ta ɗora wa majistarori zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata, a buɗe musu ƙofa su shiga har sel. Binciken likita kuma ya zama dole, a kuɗin gwamnati, cikin kwana ɗaya ko biyu, iyali su kawo nasu likitan ya tsaya. Wannan na ƙarshen shi yafi damuna, domin an gano lagonmu, an san musulmi baya son gawarsa ta kwana, sai ake amfani da son suturar da muke yi wa mamatanmu ana binne shaida tare da su. Takardar nan ta "iyali sun yafe bincike" a hana ta kwata-kwata, wanda ake zargi bashi da hurumin miƙa wa mai makoki biro. In bincike ya nuna akwai tuhuma, a tura ma'aikatar shari'a cikin lokaci sananne, a faɗa wa jama'a lambar ƙara da kotun da za'a zauna, yadda ake kiran 'yan jarida ranar tuɓe kaki haka za'a kira su ranar gurfanarwa. Hukumar kula da aikin 'yan sanda tayi nata na ladabtarwa, wannan daban, kada ya zama madadin kotu. Sannan a koya wa yaranka tun daga kwaleji cewa wanda aka sa wa ankwa a zaunar da shi ko a juya shi gefe, wanda yace baya numfashi a ɗauka gaskiya yake faɗa har sai likita yace akasin haka, kuma wanda ya ga abokinsa na wuce gona da iri ya riƙe hannunsa, in ya kai rahoto a kare shi kada a tura shi daji don huce haushi.

'Yan uwana da za su karanta wannan, kuma ku ji daga bakin wanda ya riga yayi kuskuren. "Mun bar wa Allah" da muke cewa gaskiya ce, kowa ga Allah zai koma, amma addinin da ya koya mana haƙuri shi ya ajiye hukuncin kisa da gangan da diyyar kisan kuskure, bai ce a share jini da buhun shinkafa ba. Daga baya liman da kansa yace min malamai sun halatta likita ya duba gawa in don a gano haƙƙin wanda aka kashe ne, yace da ya san abinda za mu gani a wajen wanka da shi zai fara hana ni sa hannu. In ya faru da naku, Allah ya kiyaye, ku ɗauki hoton jikin kafin wanka, ku rubuta sunayen waɗanda aka kama tare da shi da lambar motar in an gani, ku nemi lauya ko ku je hukumar kare haƙƙin ɗan adam a Maitama kafin ku taɓa kowace takarda.

Ranka ya daɗe, takardun kokenmu biyu suna nan a hannun mutanenka da tambarin karɓa a jikin kwafin da ke wajena. Yaran nan uku suna raye, biyu suna garin nan ɗaya ya koma gida amma yace ko yaushe aka kira shi zai hau mota, sun ce za su tsaya gaban alƙali su rantse su nuna wanda ya ɗora takalmin. Mai shayin ma yace zai zo. Da sallar da ta wuce na je gida na zauna da tsohuwa na faɗa mata abinda lauya yace, cewa in aka buɗe kes ɗin wataƙila sai an tono shi. Ta daɗe bata ce komai ba tana jan carbi, sannan tace in dai alƙali ne zai ji, ta amince a tono.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Abuja